Ƙullin Kanwa Zuwa Labuan

Duk zaman da na yi a Cheras, unguwarmu a Kuala Lumpur, iyakar tafiyata ni kaɗai ita ce in je titin Jalan Tuanku Abdul Rahman wajen masu yadi, in zagaya, in taya, in ƙi saya, in hau jirgin ƙasa in dawo. Karatun maigidana, Baban Amir, shi ya kawo mu Malesiya. Ni kuwa aikina yara da tukunya da faɗa da injin wanki. Sai ga shi rana tsaka an ɗora mini tafiya tsibirin Labuan, can ƙetaren teku, wurin da ko a taswirar waya sai da ɗana Amir ya buɗa hoton da yatsu biyu kafin na gan shi.

Nafisa ce dalili. 'Yar Hajiya Gambo ce, maƙwabciyarmu a Funtua, ƙawar mahaifiyata tun suna amare. Na goyi Nafisa tana jaririya, ta yi mini fitsari a baya ba sau ɗaya ba. Mijinta, Malam Sadiƙ, yana koyarwa a wata makaranta a tsibirin, kuma a can ta haifi ɗanta na fari. Hajiya ta nemi biza har ta gaji, ba ta samu ba. Abin da ta iya kawai shi ne ta aiko da ƙullin kanwa ungurnu ta hannun wani ɗalibi da ya dawo daga hutu, shi kuma ya ajiye a wurina.

Bayan haihuwar da 'yan kwanaki Hajiya ta kira ni.

"Bilkisu, yarinyar nan ƙafafunta sun kumbura. Sanyi ne yake shigarta. Ba wankan jego, ba kunun kanwa, mijin nan ɗan boko sai shayi yake ɗura mata. Ke ce uwarta a can. Ki kai mata kanwar nan da hannunki, ki dama mata, ki gasa ta da ruwa. Na ba ki amana."

Ko ba ta ce amana ba, zan tafi. Yayata Hadiza a jego ta rasu, ina 'yar budurwa. Ita ma kumburi ta fara da shi a gidan miji. Aka ce dangin mijin sun yi sakaci da ruwan zafi. Innarmu ta ɗauko ta ta dawo da ita gida, ta ƙara itace, ta ƙara kanwa a kunu, safe da yamma, amma aka ce an makara, sanyin ya riga ya kai zuciya. Tun daga ranar, in na ji an ce mai jego ta kumbura, ita nake tunawa.

Jirgin da ke sauka a tsibirin kai tsaye ya cika, lokacin hutun makarantu ne. Baban Amir ya samo mini wata hanya: jirgin sama zuwa Kota Kinabalu, daga nan mota zuwa bakin ruwa, daga nan jirgin ruwa. Shi jarrabawa ta tsare shi. Maƙwabciyata Maman Joy, 'yar Kafanchan, ta ce in bar mata yaran, "Just go, Maman Amir, ba abin da zai same su, sai dai su ƙara ƙiba." Na sayi ganyen darbejiya wajen wata Ba'indiya a kasuwa, na haɗa garin kunu da yajin jego. Kanwar kuwa na ƙulle ta yadda muke ƙulla abu mai daraja a gida: baƙar leda, a kan baƙar leda, na naɗe da salatif kamar ba gobe, na cusa a tsakiyar zani don kada ta farfashe.

Bayan sallar asuba na hau motar filin jirgi. Sanyin da ke cikin motocin nan nasu, ban san da wa suke gaba ba. Na naɗe da mayafi, na rungume jaka, ina kallon dogayen gidajen Kuala Lumpur suna ja da baya.

A filin jirgi jakata ta shiga na'urar nan mai leƙa cikin kaya, ta fito, aka mayar da ita ta sake shiga. Wani jami'i ya ɗaga hannu ya ce, "Puan," wato uwargida, "wannan taki ce?" Na ce tawa ce. Ya zuge, ya ɗaga zannuwana ɗaya bayan ɗaya a gaban jama'a, ya ciro ƙullin. Sai a lokacin na kalle shi da idon wanda bai san kanwa ba. Baƙar leda, salatif zagaye-zagaye, an ɓoye a tsakiyar zani, a jakar 'yar Najeriya.

Ya sa reza ya yanka. Ga dutse fari-fari, da gari yana zubowa.

"Apa ini?" Wai mene ne wannan.

Ni kuwa sunan kanwa da Turanci ya gudu daga kaina, in ma na taɓa saninsa. Na ce, "Makan! Food! Woman get baby, she drink!" Ya kira wani, wanin ya kira wata. Mutanen da ke bayana a layi suka fara ja da baya, wani ma ya ɗaga waya. Raina ya ɓaci. Ni da ke sallah biyar, a tsaya ana kallona kamar mai safarar ƙwaya? Don in kashe maganar, sai na kai hannu na ɓantari kanwar na jefa a baki, ina taunawa ina kallon idonsu.

Ashe wannan ne babban kuskuren. Macen ta damƙe hannuna tana cewa in tofar, in tofar. Wai sun zaci shaida nake haɗiyewa. Kafin in ankara an sa ni a tsakiya, an kai ni wani ɗaki mai tebur ɗaya da kujeru, ni da jakata da bakina mai ɗaci.

Suka bar ni na kira Baban Amir. Abin da ya fara cewa shi ne, "Maman Amir, don girman Allah kada ki yi musu faɗa." Na ce ai na riga na yi. Ya yi salati, ya ce in ba su wayar. Ya yi musu bayani da dogon Turanci, suka saurara, suka ce duk da haka sai sun gwada. Aka kankari garin aka sa a wasu 'yan kwalabe aka fita da su. Ina zaune a ɗakin nan na ji ana kiran jirgina, aka sake kira, daga nan ban ƙara ji ba. Kuka na yi, ba don kunyar da na sha ba, sai don ina ganin ƙafafun Nafisa a idona suna ƙara tashi, maganin kuma yana kan tebur a gabana.

Da sakamakon ya fito babu komai, jami'ar nan da ta damƙe ni ita ta zuba mini kanwar a farar leda mai nuna ciki, ta ce haka ake ɗaukar abu in ba a son fitina. Ta kawo mini ruwa na kurkure baki. Ta raka ni wajen masu tikiti, ta yi ta magana da su da Malayanci har suka sa ni a jirgi na gaba. Da za mu rabu ta tambaye ni wadda ta haihun 'yata ce? Na ce eh, 'yata ce.

A cikin jirgi ban ci komai ba. Na leƙa taga, ruwa ne iya ganin ido, ba gona, ba hanya, ba rufin kwano ko ɗaya. Kewar gida ta taso mini. A Funtua in mace ta haihu, kafin a yanke cibi tsakar gida ta cika, wannan na hura wuta, waccan na jiƙa gero, wata tsohuwa na zaune tana ba da umarnin da ba wanda ya tambaye ta. A nan kuwa duk dangin Nafisa sun taru a jikin mace ɗaya mai jaka, ita ma an tsare ta a hanya.

A Kota Kinabalu, ko da yake ƙasa ɗaya ce, sai da aka sake duba fasfona aka buga hatimi. Masu kula da shigowar tsirrai kuma suka ga ganyen darbejiya suka ce ɗanyen ganye ba ya shiga yankinsu. Wannan karon ban yi musu ba, na koyi darasi. Na miƙa ganyen ina ji kamar an cire mini haƙori. Kanwar dai tana nan, ita ce babba.

Babbar motar da Baban Amir ya ce in hau ta riga ta tafi. Ina tsaye a tasha ina waige-waige, sai ga wani saurayi da hular hana sallah, yana ta fara'a kamar ya san kakana. "Labuan, Kak? Boleh, boleh! Har bakin ruwa!" Wato dai, Yaya, ba matsala. Ya karɓi jakata, ya karɓi kuɗin mota, ya zaunar da ni a wata ƙaramar bas, ya ce yanzu za a tashi. Wannan "yanzu" na san ta tun daga tashar Funtua, ban dai san ta iya ƙetare teku ba. Sai da motar ta cika maƙil muka ɗaga. Mun yi nisa a daji direba ya tsaya shan mai, ya juyo yana karɓar kuɗi, ya miƙo mini hannu. Na ce na ba yaronka. Ya ce shi ba shi da yaro. Na zazzage masa Hausa tsantsa, har da ta kakanni, shi kuma yana ta murmushi yana cewa, "Tak faham, Kak," wato bai gane ba. Ya ce in biya ko in sauka. Na duba waje, bishiyoyin kwakwar manja ne jere har ƙarshen duniya, ga hadari ya haɗo. Na biya.

Ruwa ya tsuge. Muna cikin tafiya Malam Sadiƙ ya kira, tun ɗazu nake nemansa ba ya ɗauka.

"Anti, muna asibiti. Numfashinta ne. In ta kwanta sai ta ce kamar an danne ta, sai a zaune take iya barci. An ba ta gado."

Na ce, "Ka ce mata ta yi haƙuri, ina tafe da kanwar. Ka nemo filas ka cika da ruwan zafi."

Ya ce to. Na san wannan "to" ɗin na 'yan boko ne, amma ban da ƙarfin faɗa. Sauran hanyar na yi ta ina tsine wa salatif, ina cewa da ban da shi da yanzu yarinyar nan ta sha kofi biyu.

A Menumbok, garin da ake hawa jirgin ruwa, na haɗa azahar da la'asar a wani ɗan masallaci na tasha, na shiga jirgin yamma. Ni 'yar Funtua, ruwan da na sani shi ne dam ɗin Mairuwa, shi ma daga nesa. Wannan jirgin kuwa manyan motoci ne ke shiga cikinsa kamar tumaki a garke, mutane su hau sama. Da muka bar gaɓa iska ta taso, jirgin ya fara tangaɗi. Cikina ba komai sai ɗacin kanwar safe, shi ma ya ce fita zai yi. Na durƙusa a bakin ƙarfe ina kakari, ina riƙe da jaka da hannu ɗaya.

Wata tsohuwa ce ta dafa bayana, 'yar ƙarama da ita, fuska duk tamoji. Ta shafa mini wani man zafi a goshi da bayan kunne, ta sa mini wani busasshen ɗan itace mai tsami a baki, ta zaunar da ni kusa da ita. Na ce, "Terima kasih, Makcik," godiya ke nan, ita ce Malayancin da na fi ƙwarewa a kai. Da guntun Malayancina da hannu da ido na ba ta labarin inda za ni. Ta tafa hannu ta ce, "Pantang!" Ashe su ma suna jego, da wankan ganye, da ɗaure ciki, da hana mai jego ruwan sanyi. Ita ma wurin surukarta za ta, ta haihu. Na gaya mata an karɓe ganyena. Sai ta kwance ƙunshinta, ta raba ganyen wankan da ta ɗauko gida biyu, ciyawa mai ƙamshin lemo da wani dogon kore, ta tura mini rabi a jaka. Na so in biya, ta bugi hannuna kamar yadda Inna za ta yi.

Ana kiran magariba muka sauka. Malam Sadiƙ yana jirana, ya rame, rigarsa a yamutse. Kai tsaye muka wuce asibiti.

Nafisa tana zaune a gado, an jera mata matasai a baya, ga robar iska a hanci. Ƙafafunta sun yi suntum, fatar tana sheƙi. Jaririn yana gefe a ɗan gadonsa, yana barci abinsa.

"Anti, kin zo," ta ce. Ko wannan sai da ta huta a tsakiya.

Na ce, "Na zo, 'yar nan. Yanzu za ki ji daidai." Na ajiye jaka, na fito da garin kunu da kofi, na ce wa Malam Sadiƙ ina filas. Ina cikin ɓantarar kanwa wata ma'aikaciyar jinya ta gani, ta fita da sauri, ta dawo da likita. Yarinya ce likitar, da ɗan kwalinta da tabarau, ba za ta girmi Nafisa da yawa ba. Ta karɓi kanwar, ta juya ta, ta tambayi Malam Sadiƙ sunanta, ta duba a waya. Sannan ta yi magana, shi yana mayar mini da Hausa.

"Ta ce zuciyar Nafisa ce ta gaji bayan haihuwa, ba ta tura jini yadda ya kamata. Shi ya sa ruwa ke taruwa a ƙafa da huhu. Ko gishirin miya sun hana ta. Ta ce wannan ɗan'uwan gishiri ne. In ta sha, ruwan da suke cirewa da allura zai dawo, ya cika huhun. Wanka da tafasasshen ruwa ma zuciyar ba za ta ɗauka ba."

Na miƙe tsaye. Na ce, "Ka gaya mata kakata ta sha, uwata ta sha, ni na sha a haihuwa uku. Ga ni nan, yau teku na ƙetaro!"

Likitar ba ta ji haushi ba. Ta ce, "Ke zuciyarki lafiya take, Kak. Tata ba lafiya." Sai ta fara lissafa mini alamun ciwon don in gane: kumburin ƙafa, tari, mai jego ta kasa kwanciya sai a zaune, ta yi 'yan taku kaɗan ta tsaya tana haki.

Ban ji ƙarshen maganar ba. Yaya Hadiza nake gani, a zaune a ɗakin Inna, ta jingina da buhun masara don ta kasa kwanciya, tana tarin nan. Ina ganin Inna a bakin murhu, ta sayar da 'yan kunnenta ta sayi itace, idonta ya yi ja don hayaƙi da rashin barci, tana ƙara kanwa a kunu saboda tsananin so. Ni ba likita ba ce, kuma kwana in ya ƙare ya ƙare, Allah ne masani. Amma sai na koma na zauna a bakin gadon da kofi a hannu. Da jirgin safe bai tafi ya bar ni ba, da na same ta a gida, ba likita, ba mai hana ni ɗura mata kanwar.

Wayar Malam Sadiƙ ta yi ƙara. Hajiya ce, kiran bidiyo. Nafisa ta kamo bakin mayafina.

"Anti, don Allah ki ce mata na sha. Hankalinta zai kwanta. Ba wanda zai sani."

Na so in yi hakan, wallahi na so. Kalma biyu ce, kowa ya huta. Amma na tuna autar Hajiya, Rukayya, tana can Funtua da tsohon ciki, kuma a ɗakin Hajiya za ta yi jego. In Nafisa ta tashi aka ce kanwa ce ta tashe ta, ranar da ƙafar Rukayya ta kumbura, ninkawa za a yi.

Fuskar Hajiya ta cika wayar. "Bilkisu, sannu da hanya, Allah ya yi miki albarka. Ta sha?"

Na ce, "Hajiya, ba ta sha ba. Kuma ba za ta sha ba." Na gaya mata abin da likita ta ce, yadda na iya.

Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, "Ashe ke ma bokon ya shige ki. Na ba ki amana, kin tsallake ruwa kin je kin haɗa kai da su. In wani abu ya sami 'yata, ke da Allah." Ta kashe.

Washegari Inna ta kira ta yi mini tas, wai na kunyata ta a gaban ƙawarta. Na yi ta ba ta haƙuri. Maganar Yaya Hadiza ta zo mini har baki na haɗiye ta, kuma ba zan taɓa faɗa mata ba.

Na zauna a Labuan har aka sallami Nafisa. Suna a ɗakin asibiti aka yi shi, da dabino da mutum biyar, yaro ya ci sunan Abdullahi. Kumburin ya sauka a hankali, da allura da ƙwayoyi da abinci lami wanda ni kaina ban iya ci. Da likita ta yarda, na yi mata wanka da ruwa mai ɗumi da ganyen tsohuwar jirgi, wanda ya riga ya bushe amma ƙamshinsa na nan. Na dama mata kunu da tsamiya kawai. Na dawo Cheras ta hanyar da na bi, na tarar yarana sun yi ƙibar da Maman Joy ta yi alkawari.

Hajiya ta daina ɗaukar wayata. Na yi mata barka da sallah, ba amsa. Abin ya ci ni ƙwarai, don matar nan ita ta yi mini lalle ranar aurena.

Wata ranar Laraba da yamma ina soya albasa, wayata ta yi ƙara. Na ga sunanta, na kashe wuta. Ba sallama, ba gaisuwa.

"Bilkisu, Rukayya ta sauka, mace. Ƙafafunta sun fara tashi. Jiya a zaune ta kwana." Ina jin kukan jaririya da ƙarar itace a wuta. "Tukunya tana kan murhu, na jiƙa kanwa. Me yarinyar nan mai tabarau ta ce?"

Na ce, "Hajiya, ki sauke tukunyar. A nemo mota a kai ta asibiti yanzu, ki ce su duba zuciyarta. Kada ki kashe wayar, ina nan."

Na ji ta ajiye wayar a kan wani abu, na ji ƙarar ruwa ana sheƙa shi a wuta, sannan muryarta daga nesa tana ƙwala wa mijin Rukayya kira ya fito da mota.